Waiwaye: Daga Mangalar Taki Zuwa Teburin Kansila

Tun kafin a kira assalatu kakana, Baba Tsoho, yake tashina. Rani ne, hunturu na busawa, ƙafafu duk sun yi faso. Mukan ɗaure wa jakuna biyu itace, mu jefa mangala a bisa kayan, mu kamo hanyar birni daga ƙauyenmu da ke ƙasar Ungogo. Gari na wayewa mun isa. Sai mu sauke itacen wurin masu tuya da masu tuwon sayarwa, mu shiga lunguna gida-gida muna kwasar toka da shara da kashin awaki da tumaki da aka tara a turke. Wasu gidajen kyauta suke ba mu, don mun rage musu aiki. Wasu sai an ba yaran gida 'yan kwabbai. Wasu kuwa tsohon alkawari ne tsakaninsu da Baba Tsoho: su ba shi taki da rani, shi kuma in amfani ya zo gida ya kai musu damin gero ko kara.

Kafin rana ta take mun dawo. A gona ba a zubar da taki kara zube. Yakan auna da ƙafa, ya tsaya, ya ce, "Sauke nan." Haka za mu bi gonar tsibi-tsibi, kamar an kife tukwane a jere. Inda dawa ta yi rauni bara, can ake ƙara yawa. Gindin gawo kuwa ba ma zubawa, don gawo da kansa yake takin gindinsa: da damina ya kakkaɓe ganyensa ya bar wa shuka rana, da rani ya yi lif, dabbobi su kwanta a inuwarsa su bar abin da za su bari. Na taɓa tambayarsa dalilin wannan wahala ta kullum. Bai ɗago daga kwance igiyar da yake yi ba ya ce, "Abin da ka ci a gona sai ka mayar mata. In ka ƙi, wata rana ta hana ka."

Sai da na girma na san cewa shekaru kaɗan kafin wannan, wasu malaman Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun zo sun zauna a kan wannan sana'a tamu da alƙalami da takarda. A 1965 Michael Mortimore da abokin aikinsa Wilson suka fitar da rahoto a kan ƙasa da jama'a a gundumar Ungogo, wanda suka rubuta wa hukumar tsara birnin Kano da kewaye ta wancan lokaci. Abin da ya ɗaure musu kai shi ne abin da mu muka ɗauka ba komai ba: mutane cunkus, gona manne da gona, ba a barin ƙasa ta huta ko shekara ɗaya, amma kuma ba ta mutu ba. Ilimin da ake koyarwa a lokacin cewa yake yi idan jama'a suka yi yawa haka, ƙasa za ta gaji, itatuwa su ƙare, hamada ta shigo. Ga shi a arewacin Kano an daɗe ana zaune haka. Tun a 1824, da Baturen nan Clapperton ya je gaida Sarki Ibrahim Dabo a Fanisau, cikin ƙasa mai jama'a da gonaki ya bi. Mortimore ya ƙare rayuwarsa, har rasuwarsa a 2017, yana nuna wa duniya cewa manomin Kano ya san abin da yake yi.

An jarraba wannan sani a 1973. Damina ta yi gardama. Sau uku muka yi shuka, na ukun ma gero na fara fitar da kai ruwa ya ɗauke. Mutane suka riƙa gangarowa daga arewa da ƙwarya a hannu, shanu na faɗuwa a bakin hanya. Ba zan ce ba mu ji yunwa ba, mun ji. Amma gidanmu bai watse ba, kuma na san abin da ya riƙe shi. Kuka ta ba mu miya. Ɗorawa ta ba mu gari, kalwarta kuma kakata ta yi daddawa ta sayar. Tsamiya ta shiga kunu. 'Ya'yan gawo suka riƙe awaki, awakin kuma ɗaya bayan ɗaya suka tafi kasuwa suka dawo a matsayin tiyar dawa. Maza suka shiga birni da itace da igiya da tabarmi da ƙarfin jikinsu. Gwamnatin Audu Bako ta duƙufa gina madatsun ruwa, aka gama Tiga a 1974, amma ruwanta kudu ya yi wa amfani, su Kura da Bunkure. Mu nan arewa da sama muka ci gaba da dogara. Ba mu gama farfaɗowa ba, a 1975 wata cuta da ƙwari ke yaɗawa ta afka wa gyaɗa, ganye ya ƙanƙance ya murɗe, dalar gyaɗa ta zama tarihi. Manoma ba su jira sanarwa ba, suka ƙara wa wake wuri a tsakanin kunyoyin gero da dawa. Da fari ya sake dawowa a 1983 da 1984, da wannan dabara aka tare shi.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, waɗannan itatuwa ba da ka suka tsaya ba. Doka ce ta tsayar da su, ko da yake ba a rubuce take ba. Kowace bishiya a gona da mai ita. Akwai ɗorawar da gadonta daban, gadon gonar da take ciki daban. Ba ka hawa kukar wani ka yi zage sai da izni. Gawo ana sassabe masa reshe a ba dabba, ba a kwantar da shi. Burtali yana nan da shingen aguwa hagu da dama, ba mai cinye shi da garma, domin ta nan shanun Fulani za su bi su shigo gonaki bayan an kwashe amfani, su ci kara su bar taki. Wanda ya karya ɗaya daga cikin waɗannan, maƙwabcinsa ne zai fara yi masa magana. In bai ji ba a je wurin mai unguwa, daga nan dagaci, daga nan hakimi. Jama'a ce ta yi dokar, hukuma aikinta ta tsare musu ita. Da wasu masana, har da shi Mortimore, suka bi diddigin itacen girkin Kano a wani littafi da ya fito a 1990, sun kwatanta hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a shekaru daban-daban, suka tarar itatuwan gonakin da ke kewaye da birni ba su ragu ba duk da farin da aka sha, a wasu wuraren ma ƙaruwa suka yi. Itacen da birni ke ƙonawa a motoci ake kawo shi daga dazuzzuka masu nisa, inda bishiya ba ta da mai ita.

Yau idan aka ce sauyin yanayi, sai a ga kamar wani sabon ilimi ne da za a sauke mana daga jirgi. Ni a ganina abin da ya ɓace mana ba sani ba ne. Hanyar da maganar mutanen unguwa take bi ta zama doka, ita ce ta toshe.

Ba rana ɗaya ta toshe ba. Gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 ya ɗauke ragamar mulkin ƙasa daga hannun masarauta ya miƙa wa majalisu. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da izinin zama da noma da kiwo a kansu. Ba na cikin masu kukan a koma baya. Tsohon tsari yana da nasa zaluncin, wanda ya biya haraji da jangali ya sani. Amma da aka kawo sabon, ba wanda ya zauna ya kwashe waɗancan dokoki na gona da bishiya da burtali ya zuba su a cikinsa. Dagaci ya rage da girma ba ƙarfi, kansila ya zo da ƙarfi amma bai gaji dokar ba. Ana cikin haka birni ya taso mana. Ungogo tana cikin ƙananan hukumomi 8 da ake lissafawa a ƙwaryar birnin Kano da kewaye, kuma a ƙidayar 2006 an samu mutum 369,657 a cikin murabba'in kilomita 204. Wanda ya san Rijiyar Zaki da Bachirawa da Kadawa shekara 40 da suka wuce, in ya dawo yau sai an nuna masa hanya. Rangaza da Tudun Fulani da Gayawa suna biye. Awon igiya ya yanka gonaki fuloti-fuloti, gida na jingine da gida, ba a bar wa ruwa hanya ba, ba a bar wa iska ba. Jaki ya ba tifa wuri, takin birni kuma ya cika da leda da fasassun kwalabe, sai manomi ya sa yara sun tsince kafin ya baza.

Shi ma ruwan sama ya canza hali. Bayan shekarun fari ya dawo, amma ba yadda ya tafi ba. A Agustan 1988 ya sauko kamar da bakin ƙwarya, madatsar Bagauda ta ɓalle, gidaje suka rurrushe a birni da ƙauye. Tun daga nan mun saba da damina mai jinkirin zuwa, ta yi ɗan hutu a tsakiya har shuka ta yi yaushi, sa'an nan ta juye ruwan mako uku a dare ɗaya. Bazara kuma ta ƙara zafi, balle a ɗakin kwano da ba bishiya a tsakar gida.

Unguwar da nake zaune yanzu a kan gonakin da na sani aka gina ta. A da, a gabas da mu akwai wani kududdufi tun na kakanni, inda aka haƙi ƙasar da aka gina tsohon ƙauyen. Duk ruwan da ya gangaro daga tudu nan yake sauka. Shanu su sha, magina su ɗiba, rijiyoyin kusa kuma ba sa ƙafewa sai can ƙarshen bazara. Da fili ya yi tsada, magada suka sayar da shi. Muna gani aka riƙa juye masa bola da ɓaraguzan gini har ya cika, aka kafa harsashi. Ba wanda ya ce uffan a cikinmu, har da ni. Muna ganin ai haƙƙin mutum ne, kuma sauro ma zai ragu.

Wani daren Agusta ruwa ya fara bayan isha'i bai tsaya ba sai wajen ƙarfe uku. Na farka na sa ƙafa ƙasa na ji ta cikin ruwa. A waje ba ka jin komai sai salati da kukan yara da ƙarar bokitai. Maƙwabcina ya ɗora mahaifiyarsa a baya, ruwa har cinya, yana laluben hanyar masallaci da fitilar waya a baki. Katangun ƙasa suka riƙa zama ɗaya bayan ɗaya, da wani irin sauti mai nauyi da har yau in na tuna gabana yake faɗuwa. Allah ya tsare ba a rasa rai ba. Amma buhunan hatsi da katifu da littattafan yara da awaki biyu na wata bazawara duk sun tafi.

Muna da ƙungiyar taimakon kai da kai, irin wadda kusan kowace unguwa a Kano take da ita. Mu ne masu yashe kwata ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, mu ne masu gyaran maƙabarta da haɗa kuɗin 'yan sintiri. Kwana biyu bayan ruwan muka zauna a ƙofar masallaci, sakatare ya buɗe littafinsa, kowa ya faɗi abin da za a roƙa. Kwalbati. Baro da shebur. Siminti. Tallafi ga waɗanda ɗakunansu suka faɗi. Aka buga takarda aka kai. Kansilanmu ya zo da kansa, ya naɗe wando ya shiga taɓo, kuma ya yi abin da zai iya: kayan aiki sun zo, an sa kwalbati ɗaya. Muka yi gayya muka haƙa lambatu har bakin titi. Damina ta zagayo, ruwa ya sake shiga gidajen nan dai.

Wata tsohuwa mai sayar da daddawa, da duk unguwa ke kira Gwaggo, ita ta tare sakatarenmu a hanya. Ta ce, "Ɗan nan, ku kuna ta yi wa ruwa hanya, ina za shi? Ai ba ɓata ya yi ba. Gidansa kuka bari aka sayar, shi ya sa ya shigo naku." Da ya kawo mana maganar a taro, wuri ya yi tsit. Duk takardun da muka taɓa rubutawa, abu muke roƙo a ba mu. Ba mu taɓa neman a kafa wata ƙa'ida ba. Kuma a taron namu babu mace ko ɗaya, alhali su ne suka kwana kwalfar ruwa, su ne suka san rijiyar da ta fara ƙafewa tun da aka cike kududdufin.

Muka bi dattawa suka lissafa mana kududdufan da suka sani a yankin, da sunayensu. Waɗanda suka rage ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma ɗaya daga ciki har an fara kai masa dillalai. Muka ɗunguma wurin dagaci. Bayan gaisuwa shugabanmu ya ce, "Ranka ya daɗe, mun zo ne a kan ruwan da ya rage mana." Ya saurare mu har ƙarshe, ya ce, "Ni zan iya ƙin sa hannu a takardar ciniki, kuma zan ƙi. Amma ni mutum ɗaya ne, yau ina nan gobe ba ni. Masu wurin kuma suna da haƙƙi, ba za a ce su yi asara don unguwa ta kwana lafiya ba. Ku je a rubuta, a san yadda za a biya su, ya zama na jama'a."

Wannan magana ta tuna mini da abin da ya faru a ƙasar Maraɗi, wurin 'yan'uwanmu da harshe ɗaya da noma iri ɗaya. A can dokar da aka gada daga Faransa ta mai da itatuwa mallakar gwamnati. Manomi bai isa ya sare reshe a gonarsa ba sai da takarda, in malaman daji suka kama shi tara ce. To wa zai reni abin da ba nasa ba, wanda kuma zai iya jawo masa tara? Sai kowa ya riƙa share gonarsa ƙal, iska ta samu filin wasa, tana binne shuka da rairayi. An kashe kuɗi masu yawa a dashen itatuwa, akasarinsu suka mutu. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aikin raya karkara a Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ce, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. In aka zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi aka bari, aka rage sauran, cikin 'yan shekaru sai su zama bishiya. Mutanen wurin suka sa wa wannan aiki suna sassaben zamani. A yunwar 1984 an haɗa shi da rabon abinci, kuma da rabon ya ƙare da yawa sun sare nasu. Waɗanda suka bari ne suka zama abin kallo: ga itacen girki, ga abincin dabba, ga gero ya fi na maƙwabci.

Amma dabarar sassabe kaɗai ba za ta isa ba, don wanda ya reni bishiya shekara uku ɓarawo na iya sare ta a dare ɗaya. A nan ne ƙauyuka irin su Ɗan Saga, a yankin Agye, suka yi abin da ya fi burge ni. Suka kafa kwamiti na gari, da maza da mata da makiyaya a ciki. Suka zauna suka yanke wa kansu ƙa'ida: wa zai sara, me zai sara, yaushe, kuma mene ne hukuncin wanda ya saɓa. Suka sa masu zagayawa. Sa'an nan suka kai wa sarakuna da jami'an gwamnati don su amince su tsaya musu. Hukuma daga baya ta biyo. Nijar ta yi kundin dokokin karkara a 1993, ta sabunta dokar daji a 2004, shekarar da aka fara zaɓen ƙananan hukumomi a faɗin ƙasar. A ranar 30 ga Yuli 2020 gwamnatin Mahamadou Issoufou ta fitar da doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙi a kan itatuwan da ya rena a gonarsa. Kafin wannan rana, hotunan tauraron ɗan'adam sun riga sun nuna kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo a jihohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200. Shekara 37 tsakanin tohon farko da sa hannun shugaban ƙasa. Abin da mutanen Ɗan Saga suka gina da wahala, shi ne abin da kakanninmu a Ungogo suke da shi tun asali muka bari ya zube.

Mu a nan dokokin sama ba su yi mana ƙaranci ba. A Nuwamban 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawari a taron sauyin yanayi na Gilasgo cewa Nijeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060, a watan kuma ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. Kano na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa. Bankin Duniya ya ware dala miliyan 700 don gyaran ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Duk alheri ne. Sai dai babu ɗaya daga cikinsu da ya san sunan kududdufinmu. Wanda aka ɗora wa sanin wannan yana nan kusa da mu, a sakatariyar ƙaramar hukuma. Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, kuma duk wanda ya karanta shi da idon wanda ruwa ya taɓa ci zai ga abin da nake nufi: gina da kula da tituna da magudanun ruwa, wuraren shaƙatawa da lambuna da filayen da aka bari a buɗe, kwashe shara, kasuwanni da tashoshin mota, da sa hannu a bunƙasa noma da albarkatun ƙasa. A unguwa irin tamu, wannan shi ne sauyin yanayi gaba ɗayansa. Ina ruwa zai bi, ina zai kwanta, ina shara za ta, ina inuwa.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta: ƙaramar hukuma ba ta da kuɗi, komai yana asusun haɗin gwiwa da jiha. An daɗe a haka. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne kaɗai za su riƙe su, ba kantomomi ba. Aiwatarwar tana tafiyar hawainiya. Amma ko an gama aiwatarwa gobe, kuɗin inda aka fi matsa lamba za su nufa. In ba a ji muryar kowa ba sai ta 'yan kwangila da masu neman kujerar Makka, can za su. Ban da haka, abubuwa da yawa da muke buƙata ba kuɗi ne gabansu ba. Majalisar kansiloli tana da ikon yin dokar yankinta. Tana iya cewa ga jerin kududdufai da hanyoyin ruwa da burtalai da ba za a amince da cinikinsu ba. Tana iya cewa mai yanka gona ya fitar da hanyar ruwa da fili kafin ya sayar da fuloti na farko, wanda ya kwantar da kuka ko ɗorawa kuma ya dasa ya rena. Inda filin ya faɗa cikin ikon gwamna da hukumar tsara birane ta jiha, shugaban ƙaramar hukuma ne ya fi kowa cancantar ɗaukar takardar ya kai, da sa hannun mutanen mazaɓu 11 a bayansa.

Laifin da nake gani a wajenmu, mu 'yan ƙungiyoyi, ya fi na rashin kuɗi ciwo. Da damina muke farkawa, in ruwa ya ɗauke mu koma barci, alhali kasafin kuɗin baɗi a ƙarshen shekara ake haɗa shi, lokacin da kwata ta bushe kowa ya manta. Kowace unguwa ita kaɗai take zuwa, ga shi ruwan da ya ci Bachirawa ba a Bachirawa ya faro ba. Muna barin siyasa ta raba mu, har a ce wannan ƙungiyar ta 'yan wane ce, daga nan maganarta ta mutu ko da gaskiya ce. Sa'an nan ba ma zama da waɗanda abin ya fi shafa. Manomin da ya rage a Karo ko Yadakunya, da baƙon da ya sayi rabin fuloti da guminsa na shekara goma, da Bafulatanin da aka toshe wa burtali, da mai lambu a bakin Jakara da ke ban ruwa da abin da birni da masana'antun Bompai suka zubo, kowa kuka yake yi shi kaɗai, wani ma yana ganin ɗan'uwansa ne ya cuce shi. Ba na zargin wanda ya sayar da gonar gado. Gonar da mutum ɗaya ya noma, yau jikoki ashirin ke da rabo a ciki, kuma kuɗin fuloti ɗaya ya fi abin da za ta bayar a shekaru masu yawa. Wa'azi ba zai hana shi ba. Abin da zai yi aiki shi ne ƙa'idar da ta hau kan kowa daidai, da diyya ga wanda aka ce ya bari don jama'a.

Mun bi shawarar dagaci. Wata uku muka yi muna bin unguwannin da ruwanmu ke ratsawa, daga tudu har gangare, muna zama da ƙungiyoyinsu. Matan unguwa suka yi nasu zaman a makarantar Islamiyya suka aiko da wakilai biyu, Gwaggo ce ɗaya. Wani yaro mai karatun safiyo ya bi da waya ya ɗauko iyakar kowane kududdufi da tsohuwar hanyar ruwa, ya zana a takarda. Magadan wurin da ake shirin sayarwa suka yarda su dakata zuwa a ji ta bakin hukuma, bayan liman da dattawa sun zauna da su sau biyu. A wannan karon takardar da muka rubuta babu baro babu siminti a ciki. Shafi biyu ce da taswira, da sa hannun masu unguwanni, kuma da kaka muka kai ta, ana tsakar yankan dawa. Kansila ya karanta a tsaye, ya sake karantawa a zaune, ya ce zai gabatar a zaman majalisa, mu kuma muka ce za mu zo mu zauna a baya ranar.

A hanyar dawowa na ratse ta inda gonar Baba Tsoho take. Gidaje ne yanzu, sai gawo ɗaya da ya tsira a kusurwar wata katanga, don mai gidan ya ja gininsa baya ya bar shi. Ganye ya fara fito masa, alamar ruwa ya tafi ke nan sai baɗi. Wani mai faci ya kafa bencinsa a gindin, awaki uku na kwance a gefe suna tuƙa. Daga nan ana hango kududdufin da ya rage, cike fal da ruwan bana, yara biyu na jefa ƙugiya a bakinsa.